Wanda ya mayar da kifi ruwa ba ƙoshi ne kawai ya dame shi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da abokan aiki baki ɗaya. Ni mai karanta jaridarku ne daga nesa, ta intanet nake samunta, domin shekara bakwai ke nan ina zaune a garin Bozeman na jihar Montana, can yammacin Amurka, inda duwatsu da shanu suka fi mutane yawa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hoton nan da kuka buga a shafin nishaɗi, na wani Bature tsaye a cikin kogi, ruwa har cinya, ya kama kifi mai kyau yana sakinsa, kuka kuma rubuta a ƙasa cewa wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. Na yi dariya, har na nuna wa uwargida, ita kuwa ta ce ai kun faɗi abin da ta daɗe tana faɗa mini. To amma da yake ni ma yanzu ina cikin masu yin wannan abu, na ga ya kamata in ɗan kare kaina da mutumin da ke cikin hoton.

Wani dattijo da muke aiki tare ne ya fara ja na. Ya kusa yin ritaya a lokacin, mutum ne marar yawan magana, amma da zarar an ambaci kogi sai bakinsa ya buɗe. Wata Juma'a ya ce gobe za mu je su a kogin Gallatin, kudu da gari. Na koma gida na sanar da uwargida, ita kuma ta tanadi kayan miya. Muka wuni a ruwa tun hantsi har la'asar sakaliya, ban kama komai ba sai reshen bishiya sau uku da bayan hulata sau ɗaya. Shi kuwa ya kama bakwai ko takwas a kan idona, kowanne ya jiƙa hannunsa, ya tallafe shi a cikin ruwan, ya zare ƙugiyar, ya buɗe tafinsa kifin ya sulale. A na huɗu na kasa haƙuri, na ce masa in shi ba ya so ai ni ina da iyali. Ya yi murmushi ya ce zai gaya mini dalili wata rana. Da na shiga gida hannu rabbana, uwargida ta dubi hannuna, ta dubi tukunya, ba ta ce komai ba. Shirun nan ya fi faɗa zafi.

Bari in fara bayyana yadda sun yake, domin hoton bai nuna ba. Kifin ana ce masa tirawut, kifin ruwan sanyi ne mai gudu, irin wanda ke gangarowa daga dusar ƙanƙarar da ta narke a kan duwatsu. Ba a sa masa tana ko tsutsa a ƙugiya. Ana ɗaura wa ƙugiyar gashin kaza da gashin barewa da zare, a yi mata siffar ƙwaron da kifin ya saba ci, wani girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Tun da wannan ƙwaron ƙarya ba shi da nauyin da za a wurga shi, sai aka sa nauyin a jikin igiyar. Sandar fatsar doguwa ce, yawanci ƙafa 9, mai lanƙwasa. Kana kaɗa ta baya, ka jira igiyar ta miƙe a iska, sannan ka turo ta gaba, ta warware a hankali ta ajiye ƙwaron a kan ruwa kamar iska ce ta kawo shi. Jiran nan na bayan shi ne dukkan sirrin, shi ne kuma ya ɗauke ni damina biyu kafin hannuna ya yarda. A ƙarshen igiyar akwai siririn zare mai kama da ruwa, ƙafa 9 shi ma ko fiye, don kada kifin ya ga alaƙar ƙwaron da mutum.

Kifin kuwa yana gani sarai. Karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma, a nan na ga ma'anarta da idona. Ruwan garau yake, kana iya ƙirga tsakuwar ƙasa. Tirawut yana tsayawa bayan dutse, kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana jiran abin da igiyar ruwa za ta kawo masa. In inuwarka ta faɗa kansa ya tafi. In ƙwaronka ya yi gudun da ya fi na kumfar da ke kusa da shi, don igiyarka tana jansa, sai ya taso ya dube shi, ya juya ya koma wurinsa, kamar mai saye da ya ga kayan jabu. Dattijon nan kafin ya ɗaura komai sai ya tsuguna a bakin ruwa, ya ɗaga dutse ya juya shi, ya duba irin 'ya'yan ƙwarin da ke manne a ƙasansa. Abin da ya gani shi ke gaya masa wanne zai ciro daga akwatinsa. Ni da na ɗauka su ƙarfi ne da sa'a, sai ga ni ina karatun ƙwari da furfura a gemuna.

Akwai wani babban ƙwaro da ya fi duka tashe a nan, tsawonsa ya kai ɗan yatsa, cikinsa ruwan goro. Yakan yi shekara uku ko fiye a ƙarƙashin duwatsun kogi kafin ya rarrafo gaɓa ya yi fiffike, wajen ƙarshen watan Yuni zuwa farkon Yuli. 'Yan kwanakin nan manyan kifaye da ba a ganinsu duk shekara sukan manta da wayonsu su taso sama suna cafka. Fitowar tana farawa daga ƙasan kogi tana hawa sama kullum kaɗan-kaɗan, masunta na binta da motoci, suna tambayar juna a gidajen mai inda ta kai yau. A irin wannan lokaci ne na yi tafiyar da na fi kashe wa kuɗi, a kogin Madison.

Mu biyu ne, ni da dattijon. Muka bar Bozeman bayan sallar asuba, tafiyar kamar awa ɗaya zuwa Ennis, ɗan ƙaramin gari wanda shagunan kayan su suka cika babban titinsa. Mun ɗauki ɗan jagora mai kwalekwale, muka biya shi dala 600 na wuni guda, ban da ɗan ihsanin da al'ada ta tanada a ba shi da yamma, ban da lasisin su na jiha wanda dole kowa ya saya da kansa. Kwalekwalen mai faɗin ciki ne, goshinsa da bayansa a ɗage, shi yana tsakiya da filafilai biyu, mu ɗaya gaba ɗaya baya a tsaye. Aikinsa ya riƙa rage wa jirgin gudu yana nuna mana inda za mu jefa: gindin wancan dutsen, ƙarƙashin wancan reshen, inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya. Sashen nan na Madison masunta na ce masa gurguzun ruwa mai mil hamsin, domin babu wani zurfi mai natsuwa, gudu ne kawai a kan duwatsu daga sama har ƙasa. Can samansa akwai wani tafki da girgizar ƙasa ta haifa a watan Agusta na 1959, lokacin da gefen dutse ya zaftaro ya toshe kogin cikin dare, mutum 28 suka rasu a girgizar. Har yau busassun itatuwa na tsaye a cikin ruwan. Sunan kogin ma yana da tarihi: wasu 'yan binciken ƙasa biyu, Lewis da Clark, ne suka raɗa shi a 1805, da suka iso inda koguna uku ke haɗuwa su zama Missouri, suka ba su sunayen shugaban ƙasa Jefferson da ministocinsa biyu, Madison da Gallatin. Ko a can ma ashe an san yadda ake faranta wa na sama rai.

Da azahar muka tsaya a wani tsibiri, na yi alwala da ruwan da ya sa haƙorana suka kaɗa, na shimfiɗa rigata a kan tsakuwa na yi salla. Ɗan jagoran ya koma gefe ya yi shiru har na sallame. A ranar na kama biyar, har da wani mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo ja wanda ya kai tsawon taƙi biyu. Duka na sake su. Kuma a ranar ne na fahimci abin da dattijon ya ƙi gaya mini da baki, domin ina zaune ina cin abinci na ƙirga kwalekwale goma sha tara da suka wuce mu cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Kowanne da masunta biyu. In kowa ya tafi gida da biyar, kullum, daga Yuni zuwa Satumba, Malam Edita kai ma ka yi lissafin.

Abin da ya sa lissafin ya yi tsanani shi ne kifayen nan ba wanda ke zuba su. A da gwamnatin jihar tana ƙyanƙyasar kifi a gidajen kiwo, ta loda a manyan motoci ta juye a koguna don masu zuwa su kama. Sai wani ma'aikacin hukumar kifi da namun daji mai suna Dick Vincent ya yi gwaji a farkon shekarun 1970: aka daina zubawa a wani sashe na Madison, aka kuma fara zubawa a wata ƙorama da ke kusa wadda ba a taɓa zuba mata ba. Inda aka daina, kifin asali ya ƙaru ƙwarai, ya kuma yi girma. Inda aka fara, ya ragu. Ashe na gidan kiwon suna takura wa na dajin ne, su hana su wurin tsayawa, sannan su ma ba sa daɗewa su mutu. Mutanen Ennis sun yi ta fushi da shi da farko, don suna ganin zai kashe musu kasuwa. A 1974 jihar ta daina zuba kifi a kogunanta. Tun daga nan duk tirawut ɗin da ka kama a Madison a cikin tsakuwar kogin aka haife shi, kuma wanda ya kai taƙi biyu ya yi shekaru yana tsere wa tsuntsaye da ƙanƙara da ambaliya kafin ya kai haka. Ga mutane kuma sun ƙaru, musamman bayan wani fim da ya fito a 1992 wanda ya nuna wa duniya kogunan Montana, kowa ya sayi sanda ya taho. Wani tsohon masunci, Lee Wulff, ya faɗa tun 1939 cewa irin wannan kifi ya fi ƙarfin a kama shi sau ɗaya kawai. A wasu sassan kogunan doka ce ta tilasta saki, a wasu an yarda ka ɗauki 'yan kaɗan, amma yawancin mutane ko an yarda ba sa ɗauka.

Kada wani ya ce taushin zuciyar Turawa ne. A gandun dajin Yellowstone, kudu da mu, akwai dokar da ta ce in ka kama wani irin kifi a babban tafkin wurin, haramun ne ka mayar da shi da rai, dole ka kashe shi. Baƙon iri ne da aka gano a tafkin a 1994, ƙato mai zama a zurfi, yana cinye tirawut na asalin wurin, mai jan zane a ƙarƙashin haɓa kamar an yanka shi. Shi na asalin yakan hau ƙananan ƙoramu ya yi ƙwai, a nan ne gaggafa da beyar da sauran namun daji ke samun rabonsu, shi kuwa baƙon ba ya tasowa inda za su kai gare shi. Hukumar gandun ta sa jiragen taru suna kwashe baƙon, an kashe miliyoyi zuwa yanzu. Mutumin da ya saki wannan da safe shi ne zai fasa kan wancan da yamma, duk a bisa doka ɗaya. Wani abin dariya kuma, mai ruwan ƙasan nan da nake taƙama da shi a Madison shi ma baƙo ne, daga Jamus aka kawo ƙwansa Amurka a 1883. Ya dai daɗe ne har an manta.

Yanzu bari in faɗi laifina, don kada in zama mai wanke kansa. A watan Agusta na shekarata ta uku a wannan harka na je ni kaɗai wani sashe na ƙasan kogi, rana ta take, ruwa ya ja baya har duwatsun da ban taɓa gani ba sun fito. Na kama wani tirawut mai jan layi a gefe, mafi girma da na taɓa kamawa a lokacin. Na daɗe ina jansa don ina tsoron kada zaren ya tsinke, da ya iso kuma na ɗaga shi sama ina neman wayata, na ɗauki hoto, bai yi kyau ba na sake ɗauka. Da na mayar da shi ruwa sai ya kife, farin cikinsa a sama. Na riƙe shi ina fuskantar da shi ga ruwa kamar yadda aka koya mini, kusan minti goma, ya ɗan motsa, na sake shi, ya gangara yana juyawa har ya ɓace mini. Ban ci ba, bai rayu ba. Hoton yana nan a wayata, ban taɓa tura wa kowa ba.

Da na ba dattijon labari bai yi mini faɗa ba, washegari sai ya kawo mini ɗan ma'aunin zafi mai igiya ya ajiye a kan teburina. Ruwa in ya yi ɗumi iskar numfashin da ke cikinsa takan ragu, kifin da ya gaji da ja kuma ita yake bukata. Shi ya sa jihar ke da doka: in zafin ruwan kogi ya kai digiri 73 a ma'aunin Farenhait, wato kusan 23 a na Salsiyas, kwana uku a jere, sai a hana su daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare. Suna kiran dokar da sunan kukan mujiya, daga tsofaffin masu saran itace da kan fita aiki tun mujiya na kuka don su tashi kafin zafi ya kawo gobarar daji. A shekarun da na yi a nan kusan kowace bazararsu sai an sa ta a wasu koguna. Dusar ƙanƙara na narkewa da wuri, manoma kuma na jan ruwa zuwa gonakin ciyawar shanu bisa haƙƙin da wasu suka gada tun ƙarni na 19, wanda ya riga kama ruwa shi ke da gaba. Ba na ganin laifinsu, su ma abincinsu ne. Amma idan Agusta ta yi, a wasu wuraren ruwa kan ƙare wa ɗan kada da gaske. Ga cututtuka: a 1994 an gano wata cuta a Madison mai lalata guringuntsin 'ya'yan kifi har su riƙa juyawa a wuri ɗaya, ta kashe kusan kashi 90 cikin 100 na masu jan layi a saman kogin kafin su farfaɗo daga baya. A Agustan 2016 an rufe mil 183 na kogin Yellowstone gaba ɗaya saboda wata ƙwayar cuta da ta kashe dubban kifaye. Saboda irin haka ake matsa wa kowa ya wanke takalmansa da kwalekwalensa ya busar kafin ya shiga wani ruwan.

Maganarku ta ƙoshi kuwa tana da gaskiyarta, ba zan musa ba. Dala 600 ba kuɗin wasa ba ne ko a nan, sau biyu kawai na taɓa biya. Akwai masu sauka a jirgin sama na kansu, su kwana a masaukin da kuɗin darensa ya fi hayar gidana ta wata, sandarsu ɗaya ta haura dala dubu. Amma akwai abin da Montana ta yi wanda ya burge ni. Bayan wasu shari'o'i biyu da kotun ƙolin jihar ta yanke a 1984, majalisa ta yi doka a 1985 cewa kogi na kowa ne har zuwa iyakar da ruwa ya saba kaiwa in ya cika, ko da gonar attajiri ya ratsa. In ka shiga ta gada ko ta filin gwamnati, kana iya takawa cikin ruwan ka wuce ta bayan gidansa, ba shi da ta cewa muddin ba ka hau gonarsa ba. A jihar Wyoming da ke maƙwabtaka ba haka ba ne, mai gona shi ke da ƙasan kogin, kana iya wucewa a kwalekwale amma in ƙafarka ta taɓa tsakuwa ka shiga haƙƙin wani. Saboda wannan doka ne ni, da sandata ta hannu da na saya dala 80 da wandon roba mai faci biyu, nake tsayawa a ruwa ɗaya da mai jirgin sama. A lokacin zafi rana ba ta faɗuwa a nan sai bayan ƙarfe 9, don haka ina tashi aiki in yi awa uku a Gallatin in dawo kafin magariba. A can nake haɗuwa da kafintoci da masu aikin asibiti da ɗalibai, ba wanda ya yi kama da wanda ƙoshi ya dama.

Abin da har yau bai kwanta mini ba daban ne. Mun taso an koya mana cewa abu mai rai ba abin wasa ba ne, in ka kama don ci ka ci, in ba ka bukata ka ƙyale shi. To ni da nake soka masa ƙugiya a leɓe don jin daɗina, sannan in sallame shi, a ina na tsaya? Hukuncin wannan na malamai ne, in akwai wanda zai yi mana bayani a shafinku zan karanta da kunnen basira. Abin da na iya yi a nawa ɓangaren shi ne na matse ƙayar kowace ƙugiya da filaya don ta zare ba tare da yaga ba, ina amfani da zare mai ƙarfi don in gama ja da wuri, ba na fitar da kifi daga ruwa, na kuma daina hoto. In ma'aunin nan ya nuna ruwa ya haura digiri 68 nakan naɗe igiyata in zauna a gaɓa ko da doka ba ta hana ba. In na kama uku ko huɗu nakan tsaya haka nan.

Ita kuwa uwargida mun yi sulhu. Akwai tafkunan madatsun ruwa da har yanzu gwamnati ke zuba wa kifi don a kama a ci, da adadin da aka yarda kowa ya ɗauka a rana. Sau biyu ko uku a shekara nakan je can da yara, mu dawo da abin da zai ishi tukunya, a ranar ba a yi mini shirun nan. Dattijon ya yi ritaya, gwiwarsa ta hana shi shiga ruwa mai gudu, yanzu ni nake ɗauko shi a mota in ajiye masa kujera a bakin kogi, yana zaune yana gaya mini na yi saurin turo sandar.

In za ku sake buga irin wannan hoton, Malam Edita, ku duba mini hannun mutumin. In a jiƙe yake, kifin kuma na cikin ruwa, ku yi masa sassauci a rubutun ƙasan. In kuwa ya ɗaga shi sama yana washe baki ga kyamara a tsakiyar rana, to ku rubuta duk abin da kuka ga dama, ni ma zan taya ku.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Mai karatunku daga Bozeman, jihar Montana, Amurka